Kalmomin da Muke Rataya wa Kare

Da wuya a sami dabbar da bakin Bahaushe ya sa aiki kamar kare, kuma da wuya a sami wadda ya biya da mugun lada kamarsa. Yaron da ke maƙale a ƙofar mota yana kiran fasinja karen mota ne. Wanda ɗan siyasa ya ajiye yana sakinsa a kan abokan hamayya karen farauta ne. Idan rigima ta kai inda ba a raga wa juna, an yi kare jini biri jini. Idan azzalumi ya sami fili babu mai tsawata masa, yana cin karensa babu babbaka. Karen bana shi ke maganin zomon bana, wannan kam yabo ne, amma yabon wayo ne, bai taɓa hali ba. Wanda kuwa aka dubi tsabar idonsa aka ce masa kare, ya san ba a rage masa komai ba. A ɗaya gefen kuma, cikin 'yan shekarun nan wani salon magana ya shigo mana ta finafinai da wayoyin hannu, inda kare yake da katifarsa da likitansa da ranar haihuwarsa, ana kiransa amini, wasu ma su ce ɗansu ne. Abin da nake so in kafa shi ne cewa salon biyu, na zagi da na shagwaɓawa, a kan mutum suke magana, da kare kawai suka fake. Kalmar da ta fi kusa da gaskiyar wannan dabba tana nan a Hausa tun tale-tale, muna ma faɗinta a kansa kullum, sai dai ba mu cika ɗaukar nauyin da ke cikinta ba. Kalmar ita ce kiwo.

Kafin a kai gare ta, sai a fara da yadda shi karen yake ɗaukar magana. Akwai karin magana guda da ya fita daban, domin wanda ya fara yinsa lallai ya zauna ya ƙare wa kare kallo: an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Mukan jawo shi idan mai mulki ya yi alkawari, amma a zahirinsa bayani ne na yadda kare yake gane ma'ana. A wurinsa, ma'anar sauti ita ce abin da ya biyo bayan sautin. A dubi gidan ƙauye da ake ajiye kare, bayan sallar magariba. An kwashe tuwo, an raba, yara sun ci, surutu iri-iri ya wuce ta kansa yana kwance a gindin rumbu, haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba, ko kunne bai ɗaga ba. Sai uwargida ta ɗauki cokali ta fara kankare ƙanzo a gindin tukunya. Kafin ta kai rabi ya tashi, ya yi miƙa, ya zo ya tsaya daidai nisan da ya san muciya ba za ta kai gare shi ba, yana kaɗa jela a hankali. Ba wanda ya koya masa wannan da baki. Cikin duk hayaniyar yini, wannan ƙarar ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Abin da Ivan Pavlov ya lura da shi ke nan, masanin nan na Rasha da ya karɓi kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci: karnukan ɗakin gwajinsa sukan fara dalalar da yawu tun kafin abinci ya taɓa bakinsu, da zarar sun ga ko sun ji mai kawo shi. Kuma abin bai tsaya ga ƙarar tukunya ba. Wata karya mai suna Chaser, wadda wani malamin jami'a mai ritaya, John Pilley, ya horar a Amurka, ta san sunayen kayan wasa 1,022, tana ɗauko kowanne idan an ambace shi. A 2016 masu bincike a Budapest ta ƙasar Hangari sun nuna cewa sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwar kare ya fi motsawa idan kalmar yabo ta zo da muryar yabo, fiye da idan ɗaya ta zo babu ɗayar. Wato kare yana jin magana, amma yana bin ta bashi.

Da wannan ma'auni sai a gwada kalma ta farko da muke rataya masa, kwaɗayi. A Hausa kwaɗayi ya bambanta da yunwa. Aibi ne na wanda ya san iyaka ya tsallake ta, wanda ya san ya kamata ya kau da kai daga kwanon wani amma ya kasa. Shi ya sa aka ce mabuɗin wahala ne, shi ya sa kuma ake kwaɓar yaro a kansa tun yana ƙarami. Kare ba shi da wannan iyakar balle ya tsallake ta. Yana haɗiyar abinci ba tare da taunar kirki ba saboda haƙoransa na yaga nama ne da fasa ƙashi, ba su da faɗin da niƙa take bukata, kuma kakansa kyarkeci yakan cika ciki a zama ɗaya domin bai san ranar da zai sake kamu ba. Binne ƙashi a gindin katanga, ko tura guntun burodi ƙarƙashin tabarma da hanci a inda babu ƙasar tonawa, ragowar wannan tanadin ne. Abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito ne a 2013, lokacin da Erik Axelsson da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka kwatanta ƙwayoyin gadon kare da na kyarkeci. Sun tarar cewa ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci guda 2 ce a jikin kyarkeci, amma a jikin karnukan da suka duba ta kama daga 4 har zuwa 30. Zama kusa da manoma ya sauya cikin kare har ya dace da hatsi. Saboda haka karen da ke jiran ƙanzo ba lalacewa ya yi ba, ƙanzo da danginsa suna cikin abubuwan da suka ƙera shi. Akwai ma karnukan da rashin ƙoshi yake rubuce a jininsu: Eleanor Raffan ta Jami'ar Cambridge ta ba da rahoto a 2016 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador suna ɗauke da wata tawaya a ƙwayar gado wadda ke sa su neman abinci fiye da 'yan'uwansu. Kiran irin wannan kare makwaɗaici tuhumarsa ne da laifin da ba shi da hanyar aikatawa.

Kalma ta biyu ta fi daɗin ji, amma ita ma aro ce. Duk mai kare zai rantse cewa karensa yana jin kunya. An dawo gida an tarar ya yage takalmi ko ya buɗe tukunya, sai ga shi ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun kwanta, jela ta shige tsakanin ƙafafu, yana kallon mutum ta ƙasan ido. Wa zai ce wannan bai san ya yi laifi ba? Alexandra Horowitz ta Kwalejin Barnard a birnin New York ta gwada wannan a 2009. Ta sa masu karnuka su hana karnukansu cin wani ɗan abin marmari su fita daga ɗaki, sannan a wasu lokutan ta gaya musu akasin abin da ya faru. Sakamakon shi ne, waccan fuskar nadama tana bin faɗan mai kare ne, ko karen ya ci ko bai ci ba, har ma ta fi bayyana a kan karnukan da aka yi wa faɗa alhali ba su taɓa komai ba. Abin da muke kira kunya lallashi ne, hanyar kwantar da fushin wanda ya fi ƙarfi. Hatta ɗaga girar nan da ke narkar da zuciyar mutum tana da tarihi: binciken Juliane Kaminski da abokanta a 2019 ya nuna cewa kare yana da wata 'yar tsoka mai ɗaga gefen gira na ciki, wadda a fuskar kyarkeci kusan babu ita. Illar kuskuren a fili take. Wanda ya yarda karensa ya san laifinsa zai doke shi da yamma a kan ɓarnar safe, yana ganin horo yake yi, alhali abin da karen ya koya kawai shi ne dawowar maigida abin tsoro ce.

To, idan harshen zagi ya yi kuskure, ai sai a ce na ƙauna ya gyara. Bai gyara ba, kuma a kwano ake kama shi. Wajajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, a shekarun 1950 kuma kamfanin Purina ya fito da busasshen abincin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ya cika kantuna a yau. Tun daga farko 'yan kasuwa suka gane cewa kare ba ya sayen abincin kare, don haka rubutu da hoton da ke jikin buhu da zuciyar mai kare suke magana. Mutumin da ya kira kare ɗansa zai nuna masa ƙauna yadda ake nuna wa ɗa, ya ƙara masa, ya gutsura masa daga nasa, ya kasa jure kallon nan na gira. Wata ƙungiya a Amurka da ke bibiyar ƙibar dabbobin gida ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 59 cikin 100 na karnukan ƙasar sun wuce nauyin da ya dace da su. Wani dogon bincike kuma da aka buga a 2002, wanda ya bi karnukan Labrador 48 har ƙarshen rayuwarsu, ya nuna cewa waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu. Gutsurawa daga kwanon mutum tana da nata haɗarin. Cakulan yana ɗauke da wani sinadari da jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri, kuma wannan sinadarin yana cikin goro ma, tare da sinadarin nan na kofi mai hana barci. Albasa da tafarnuwa, waɗanda miyarmu ba ta rabuwa da su, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa idan suka yi yawa, ko an dafa ko ba a dafa ba. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda. Ƙashin kaza da aka dafa yakan tsattsage ya yi tsini, ya soke shi a maƙogwaro ko a hanji. Duk waɗannan hannun masoyi ne ke miƙa su. Wanda ya tsani kare jifansa yake yi, ba ya ba shi cakulan.

A nan mai karatu yana da damar ya tare ni ya ce: ashe ka mai da kare ciki zalla, ka cire masa kwaɗayi da hannun dama ka mai da masa da hagu, ina amincin da duniya ta shaide shi da shi? Wannan suka tana da ƙarfi, kuma tsohuwa ce. A Japan akwai labarin Hachiko, karen da ya riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya a Tokiyo bayan rasuwar maigidansa a 1925, bai daina ba sai da shi ma ya mutu a 1935. An yi masa mutum-mutumi a bakin tashar, amma ko a can an sami masu cewa gasasshen naman da ake ba shi a wurin ne ke kawo shi, suna kafa hujja da tsinkayen tsire da aka tarar a cikinsa. Ni ina ganin gardamar ta ginu ne a kan rabon da mutum ya yi, na ciki daban zuciya daban, wanda kare bai san da shi ba. Gregory Berns na Jami'ar Emory ya horar da karnuka su kwanta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an sa su barci ba, kuma a rahotonsa na 2016, cikin karnuka 15, guda 13 sun nuna jin daɗin yabon mai su daidai da na abinci ko fiye. Ke nan ba ciki ne kaɗai ba. Amma yabon ma da ƙanzon duka ta hanya ɗaya suke samun daraja a wurinsa, wato ta maimaituwa, mutum ɗaya, lokaci ɗaya, yau da gobe. Hausa tana da sunan wannan, sabo, kuma ba ta raina shi ba tunda ta ce turken wawa ne, wato ya fi igiya riƙo. Tsohuwar shaida ma tana nan: a Oberkassel kusa da birnin Bonn na Jamus an tono kabarin da ya kai shekara 14,000, na mutum biyu da ɗan kwikwiyo, kuma haƙoran kwikwiyon sun nuna ya yi fama da wata muguwar cuta ta makonni, wadda da wuya ya tsallake ta da ba a yi jinyarsa ba. Kwikwiyo mara lafiya ba ya farauta, ba ya gadi. Wani ne ya riƙa kai masa ruwa da abinci a lokacin da ba shi da abin da zai biya da shi.

Wannan aikin shi ne kiwo, kuma kalmar ta fi faɗin yadda muke amfani da ita. Daga tushenta makiyayi ya fito, da kiyayewa, kuma ita ce muka ɗauka muka ce kiwon lafiya. Ba ta tambayar abin da ke zuciyarka game da dabbar, tana tambayar abin da ka sani game da ita da abin da ka yi. Bafulatanin da ke kiwon shanu ba ya kiran saniya 'yarsa, amma ya san wadda ba ta tuƙa ba tun safe, ya san ciyawar da ke kumbura ciki, ya san ranar da za a ba su kanwa. Wannan sanin shi ne ya yi ƙaranci a kiwon karenmu na birni. A yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye sun daɗe da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, wanda yanzu Turawa suke kira da sunan yankin. Yana tsaron zango da dabbobi, yana kamo zomo da barewa, yana rayuwa a kan abin da gida ke ci, gero da nono da ɗan abin da farauta ta bayar, kuma jikinsa ya dace da zafin wurin. A kwatanta shi da abin da ake gani a bayan ƙofar wasu manyan gidaje a Kano ko Abuja ko Maraɗi: ƙaton kare mai kaurin gashi ɗan asalin Jamus, wani lokacin ma irin karnukan ƙasashen ƙanƙara, a cikin kejin ƙarfe mai rufin kwano, da tsakar ranar bazara. Kare ba ya gumi ta fata yadda mutum yake yi, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa za a gan shi harshe a waje, haƙarƙari yana sama yana ƙasa, robar ruwansa ta kife tun hantsi ba wanda ya lura. Da dare a sake shi, ya yi ta zagaye da haushi, a ce ai mugu ne, an sami abin da ake so. An kashe kuɗi wajen sayensa, ana alfahari da sunan irinsa, amma ajiya ce aka yi.

Suka ta biyu daga addini take zuwa, kuma a ƙasar Hausa ita ce ta fi nauyi. Ba fatawa nake yi ba, wannan aikin malamai ne, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba ana rage masa lada kullum, kuma an yi umarni a wanke mazubin da kare ya sa baki a ciki sau bakwai. Wannan ya isa ya rufe ƙofar kare a kan gado da kiransa ɗa. Sai dai bai buɗe ƙofar wulaƙanci ba. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa suke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke mazubin kuwa bin umarni ne. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, wato shari'a ta amince da ilimin da mafarauci ya zuba a cikin karensa. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo kwance a bakin ƙofa tare da su. Masu sharhin Risala sun hakaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Sannan ga hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, tsarin a bayyane yake: a ajiye shi da dalili, idan kuma an ajiye shi haƙƙinsa ya hau wuya. Mai kejin da robar ruwa ta kife a ciki ya fi kusa da labarin kyanwar fiye da yadda yake zato.

Suka ta uku gajeriya ce amma tana da zafi: a ƙasar da mutane ke kwana da yunwa, wa ke da lokacin abincin kare? Rabinta gaskiya ce. A Najeriya, inda aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a 2024, gidan da ake sayo wa kare buhun abinci daga ƙasar waje a bar maigadin da ke zuba masa yana jiƙa gari, akwai abin dubawa a wurin, kuma ba karen ne da laifi ba. Amma kiwo bai ce a sayo buhu ba. Ruwa mai tsabta da ba ya yankewa, inuwa, ragowar tuwo ko shinkafa da aka raba da miya mai albasa da yaji, ɗan nama ko kifi ko ƙwai ko wake domin hatsi kaɗai ba ya gina jiki, maganin tsutsar ciki da na kaska, da sakinsa ya motsa. Mafarautan ƙauye, waɗanda ba su da komai, sukan yi fiye da haka. Wanda kuma ba zai iya ko wannan ba, ba a tilasta masa ajiye kare ba.

Inda kalmar kiwo take da tsada sosai shi ne ranar da kare ya ciji yaro. Tambayar farko da ake yi a unguwa ita ce, karen wa ne? A ranar ne mutumin da ya shekara yana zuba masa ƙanzo a ƙofar gida yakan ce ai ba nasa ba ne, zuwa kawai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuma daga kare suka ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Abin da ake yi wa wanda aka ciza sananne ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya asibiti a fara allura a ranar, amma maganin asali a jikin kare yake: idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allurar. An kuma gwada abin a kusa da mu. A Njamena, babban birnin Chadi, an yi gangamin rigakafi kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadin, cutar ta yanke a tsakanin karnukan birnin na wani lokaci kafin ta sake shigowa daga waje. Abin da ya sa gangamin ya yiwu shi ne abin da masu bincike suka tarar a birnin tun da farko, cewa akasarin karnukan da ake gani suna gararamba a titi suna da gidan da suke ci, da mutumin da suke yarda ya kama su. Ma'aikacin allura ba zai iya bin kare a lungu ba, kashe su da guba kuma an daɗe ana yi ba ya rage cutar, domin wasu ne ke zuwa su cike gurbin. Sai dai mai zuba ƙanzon ya yarda cewa kiwo yake yi, ya sa wa karen igiya a wuya, ya ja shi zuwa wurin allurar da kansa.